Ƙofa Mai Shuɗin Fenti

Ƙarfe uku na dare nake farkawa,
lokacin da famfon unguwa ke tari kafin ya kawo ruwa.
Tsahara ta fita da jarkoki,
ni ina kwance,
ƙirjina na daka, turmin babu hatsi.

Shekara ashirin ina dukanci a Birni.
Hannun nan ya ɗinka jaka da alabe da kube,
bai taɓa neman gafarar fata ba.
Sai bara basilla ta soma rawa a yatsuna.
Waya ta yi ƙara, na ce rasuwa aka yi.
Yaro ya makara daga lakwal,
kafin ya yi sallama na gama karɓar gaisuwarsa.

Na sha rubutu, na sha saiwa.
Addu'a ban bari ba, ba kuma zan bari ba.
A babban asibiti suka manna min wayoyi,
takarda ta fito da zane
kamar duwatsun bayan gidanmu,
suka ce zuciya lafiya lau.
Na ce, to wa ke kaɗa ganga a ciki?
Aka nuna min ƙofar ƙarshe, mai shuɗin fenti.

Na san abin da ake faɗa kan ƙofar nan.
Na gyara hula,
na waiga ko da ɗan unguwarmu a layi.

Madam Usaina ba ta da allura.
Kujera biyu, fanka mai ciwon wuya,
da agogon da ba ta cika dubawa ba.
Ta ce, Malam Mutari, yaya yake zuwa?
Ba wanda ya taɓa tambayata haka.
Kowa cewa yake, haba, kai fa namiji ne.

Na yi magana har bakina ya bushe.

Ta ce sunansa fargaba, kuma ba hauka ba ne.
Mai gadi ne da barci ya ƙaurace wa,
kyanwa ta gitta, ya kwarma ihun ɓarawo.
Ba sallamarsa za mu yi ba,
so muke ya riƙa haska tocila kafin ya yi ihu.

Ta koya min numfashi, ni da furfurata!
Ja huɗu, saki shida,
yadda kake jan zare, ta ce,
in ka fizga ya tsinke.

Ta sa na sayi littafin dala ashirin:
duk masifar da raina ya rantse tana tafe,
in rubuta, in kawo ranar Laraba.
Sha bakwai na kawo a makon farko.
Muka bi su ɗaya ɗaya kamar masu bin bashi.
Guda ce ta tabbata:
mai jaka ya hana ni cikon kuɗina.
Ta ce, da ya hana, sai me ya faru?
Na ce, na ci tuwo na kwanta.
Dariyar da ta kuɓuce min
na daɗe ban ji muryarta ba.

Kasuwar Dole, wata shida ina kewaye ta.
Ta ce je ka bakin ƙofa kawai, ka tsaya,
bari gaban ya faɗi, ka ga inda zai tsaya.
Na tsaya, gumi har cikin takalmi.
Ya hau, ya hau,
sannan ya gaji kafin in gaji.
Wani mako na kai rumfar masu jar fata,
har na taya, har aka yi min tsada.

Ban ce na warke ba.
Shekaranjiya ma ya zo, ƙarfe uku cif.
Na ce, sannu da aiki, mai gadi, me ka gani?
Muka saurara tare.
Famfo ne ke tari.

Na ja huɗu, na saki shida,
na laluba takalmina,
na karɓi jarka ɗaya a hannun Tsahara.
Ta dube ni, ba ta ce komai ba,
ta dai matsa min wuri a layi.